Tarihin yaƙi da tsatsa a kogon tayar mota: daga kwanon rufi zuwa a-kori-kurar Tudun Wada

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, ba kuma wata sabuwar manhaja muka zo da ita ba. Amma wayar taka za ta yi aiki. Idan kana da a-kori-kura, ko Hilux, ko kuwa motar gidanku ce, ka kunna fitilar wayarka, ka tsuguna gefen tayar baya, ka haska sama. Wannan lungun da ya rufe taya kamar baka, shi muke kira kogon taya a wannan rubutu. Ka sa yatsa ka shafa leɓen ƙarfen daga ciki. Galibi busasshiyar laka za ka fara cirowa. Idan ka kankare ta ka ga ƙarfen ya yi ja yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, to labarin yau naka ne.

Duk wanda ya saba zagaya garejojin Tudun Wada ya san wannan hoton. Mota ta sha sabon fenti, injinta lafiya lau, amma saman tayar baya ya ɓule har kana hango titi. Mai ita kuwa da ita yake ci da iyali, yau ya ɗebo masara daga Giwa, gobe rake daga Maƙarfi, jibi buhunan taki zuwa ƙauye. Ranar da ƙarfen da ke riƙe da sifirin ya gutsure da lodi a kai, maganar ta wuce ta kwalliya, ta koma ta jari da ta rai.

Masu ƙera mota sun kwashe shekaru aru-aru suna fama da wannan lungu, sun yi asarar biliyoyin daloli kafin su gane bakin zaren. Bari mu bi tarihin daki-daki, domin kusan duk kuskuren da suka yi a can baya, har yau ana maimaita shi a garejojinmu.

ME YA SA A NAN TAKE FARAWA?

Tsatsa na bukatar abu uku: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. In suka haɗu, ƙarfen kan fara komawa irin jar ƙasar da aka narko shi daga cikinta tun asali. Idan akwai gishiri a cikin ruwan, aikin kan ninka sauri, saboda cin tsatsa wani ɗan ƙaramin aikin lantarki ne, ruwan gishiri kuma ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki. Wani abin haushin shi ne tsatsa ba ta tsayawa. Tana kumbura ta fi ƙarfen da ta cinye girma, ta ɗaga fenti, ta tsotse danshi kamar soso, ta ci gaba da ci a ƙarƙashi.

To ka duba kogon taya. Taya na watsa masa tsakuwa da yashi duk tafiya, suna goge duk abin da aka shafa. Tana watsa masa laka, lakar ta maƙale a leɓen ƙarfe da wuraren da aka haɗa falle biyu da walda. Rana ba ta shiga, iska ba ta busar da shi da wuri, mai mota kuma ba ya leƙawa. Duk jikin mota babu inda ya tara waɗannan matsaloli wuri guda kamar nan.

TUTIYA: DABARAR DA KE KAN RUFIN GIDANKU

Maganin farko mai ƙarfi ya girmi mota nesa ba kusa ba. A 1742 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Paul Jacques Malouin, ya bayyana yadda ake tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Sai a 1837 wani Bafaranshen, Stanislas Sorel, ya yi wa dabarar rajista ta zama sana'a. A tsakanin nan, a 1829, Henry Palmer ya yi rajistar fallen ƙarfe mai lanƙwasa-lanƙwasa a Landan. Da aka haɗa dabarun biyu sai aka samu abin da kowa ya sani a yau: kwanon rufi.

Sirrin tutiya ya wuce rufe ƙarfe kawai. Ko an karce ta har ƙarfen ya bayyana, ita ce ke fara lalacewa a madadinsa, sai ta ƙare kafin tsatsa ta samu shiga. Shi ya sa za ka ga tsohon kwano a gidajen Tudun Wada da Sabon Gari ya sha damina talatin ko arba'in kafin ya yi ja. Ka riƙe wannan, domin sai da aka yi fiye da shekara 130 bayan Sorel kafin masu mota su rungumi tutiya gadan-gadan. Tana da tsada, tana wahalar da walda, fenti ma ba ya kama ta da sauƙi.

MOTA TA BAR KATAKO TA KOMA ƘARFE

Motocin farko da katako ake yin ƙashin jikinsu, kamar keken doki. Wajajen 1914 kamfanin Edward Budd a Amurka ya fara yi wa Dodge jikin mota na ƙarfe zalla da yawa. A 1925 kuma Ford ya fitar da Model T mai buɗaɗɗen baya kai tsaye daga masana'anta, a kan dala 281. Wannan ita ce kakar a-kori-kura.

Da ƙarfe ya yi yawa sai tambaya ta taso: yaya za a sa fenti ya kama shi da kyau? A 1906 wani Bature a Ingila, Thomas Coslett, ya gano cewa idan aka dafa ƙarfe cikin ruwan asid ɗin fosforik, fuskarsa kan yi wata toka-tokar fata mai kaushi wadda ke rage tsatsa, fenti kuma ya manne mata. A 1915 aka kafa kamfanin Parker a birnin Detroit domin wannan aiki. Har gobe masana'antun mota suna yi wa jikin mota irin wannan wanka kafin fenti. Ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a galan a shagunan fenti, wanda in ka shafa tsatsa take komawa baƙa, da yawansa jikan dabarar Coslett ne.

A wancan zamanin matsalar ba ta yi tsanani ba tukuna. Ƙarfen yana da kauri, kuma marufin taya a buɗe yake, ana ɗaure shi da noti a gefen mota, ruwa ya zuba ya tsiyaye. Daga baya, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, aka shigar da marufin cikin jikin mota, aka rage kaurin ƙarfe, aka cika mota da lunguna rufaffu. Motar ta yi kyau, ta yi sauƙin nauyi, amma ta samu aljihunan tara laka.

GISHIRI YA HAU TITI

Abin da ya ta da hankali shi ne gishiri. A ƙasashen sanyi ƙanƙara kan daskare a kan kwalta, motoci su riƙa sulɓewa. A 1938 jihar New Hampshire a Amurka ta fara gwada watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙarar. Detroit, cibiyar ƙera motoci, wadda ke zaune a kan ma'adinin gishiri, ta bi sahu a 1940. Yau Amurka na zuba fiye da tan miliyan 15 na gishiri a titunanta duk shekara. Haɗura sun ragu, amma kowace taya ta zama injin fesa ruwan gishiri cikin kogonta. A shekarun 1950 da 1960 ba abin mamaki ba ne sabuwar mota ta ɓule cikin shekara uku ko huɗu.

Maganin da dillalai suka fara kawowa shi ne baƙin shafi mai kauri da aka yi da kwalta. A fesa shi a ƙasan mota da kogon taya, ya rage ƙarar tsakuwa, ya hana ruwa taɓa ƙarfe. Da farko ya yi aiki. Amma bayan 'yan shekaru kwaltar kan bushe ta tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya kwanta tsakanin shafin da ƙarfe. Daga waje ka ga baƙi sumul, a ciki kuwa ƙarfe ya zama gari. Mafi muni shi ne idan an fesa ta a kan motar da ta riga ta fara tsatsa. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa kitso da ƙwarƙwata.

Wani makanike ɗan Jamus da ya yi ƙaura zuwa Detroit, Kurt Ziebart, ya lura cewa motocin da yake gyarawa daga ciki suke ruɓowa zuwa waje. A 1959 ya buɗe shagon da ake huda ƙananan ramuka a jikin mota, a zura siririn bututu, a fesa wani shafi mai kama da kakin zuma cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa. Bambancinsa da kwalta shi ne ba ya bushewa ƙarau, yana nan da laushi, yana kutsawa cikin haɗin ƙarfe ya kori ruwa. Darasi na farko ke nan: inda ido ba ya gani can ake fara aiki.

FENTIN LANTARKI DA RIGAR ROBA

Su ma kamfanonin ba su zauna ba. A Ford, wani masani mai suna George Brewer ya jagoranci bincike tun ƙarshen shekarun 1950 kan yadda za a sa fenti ya shiga kowane lungu. A 1963 masana'antar Ford da ke Wixom ta fara tsoma jikin mota sukutum cikin katafaren kwarmin fenti mai ruwa, a sakar masa lantarki, lantarkin ya jawo fentin ya manna shi a kowace kusurwa. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin PPG ya kawo ingantaccen salo na wannan dabara, wanda shi ne kusan kowace masana'antar mota ke amfani da shi yanzu. Kaurin wannan fentin bai kai na silin gashi ba, amma ya fi kwalta mai kaurin yatsa amfani, saboda a kan tsaftataccen ƙarfe aka ɗora shi, kuma bai bar ko'ina a buɗe ba.

Duk da haka kogon taya ya ci gaba da ba da kunya. Misalin da aka fi tunawa shi ne Chevrolet Vega da ta fito a ƙarshen 1970. Don rage kuɗi, ba a sa mata komai da zai tare tsakanin tayar gaba da ƙarfen gefe ba. A jihohin gishiri ƙarfen ya riƙa ɓulewa cikin shekara ɗaya ko biyu, kamfanin ya yi ta sauya wa mutane kyauta, kafin a 1974 ya koma sa rigar roba a cikin kogon. Chrysler ma ta sha irin wannan da motocinta Aspen da Volaré na 1976 da 1977. A Ingila kuwa, a 1980 Lancia ta koma sayen motocinta samfurin Beta daga hannun masu su saboda tsatsa, kuma sunanta bai sake farfaɗowa a can ba. Ɗan hakin da ka raina, ka ji.

Wannan baƙar robar da kake gani a kogon tayar motarka, wadda wasu makanikai kan cire su jefar idan ta fara kaɗawa, kariya ce daga irin waccan asarar. Idan maɓallanta sun karye a sayi wasu, kada a yar da ita.

Sai kuma tutiya ta dawo. A 1975 Porsche ta fara yin jikin motarta 911 da ƙarfe mai rufin tutiya, a tsakiyar shekarun 1980 Audi ta yi haka ga motocin da take fitarwa da yawa, sauran kamfanoni suka biyo baya. Motar zamani sulke hawa-hawa take sanye da shi: tutiya, wankan fosfet, fentin lantarki, abin toshe haɗin ƙarfe, shafin da ke tare tsakuwa, kaki a cikin lunguna, sannan rigar roba. Ba abu ɗaya ba ne ya ci yaƙin, haɗin gwiwa ne.

NAMU ƁANGAREN: FIJO DAGA KAKURI

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa nan Zariya ya tashi, ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Shekaru da dama ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Lyon a Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauke su a mota zuwa Kaduna. Daga wannan zamani Fijo 404 da 504 suka mamaye Arewa, a-kori-kura ta zama jakin kasuwa da gona.

Ka lura da shekarun. Wadannan motoci an tsara su ne kafin tutiya ta zama ruwan dare, 404 a 1960, 504 a 1968. 'Yan uwansu da suka zauna a Turai tsatsa ta cinye akasarinsu tuntuni. A shekarun 1970 da 1980 har matasan Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo su keto Sahara ta Tamanrasset su sayar a Arlit da Agadas. Mu kuwa har yau ana ganin 404 da 504 suna ɗaukar lodi. Me ya cece su?

Yanayinmu ne. Ba ma zuba gishiri a titi, muna kuma nesa da iskar teku irin ta Legas da Fatakwal. Ruwan da Zariya ke samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duk yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Daga Nuwamba hunturu ya shigo, iska ta bushe ƙayau. Masana ƙarfe sun tabbatar cewa idan danshin iska ya yi ƙasa da kusan kashi 60 cikin 100, cin tsatsa kan ja baya ƙwarai. Wato duk shekara muna samun hutun kusan wata shida kyauta.

Wannan sa'ar ce ta sa muka yi sake. Muna ganin tsatsa matsalar mutanen bakin teku ce. Alhali muna da namu gishirin, sai dai a bayan mota muke ɗauko shi. Takin zamani na NPK yawanci yana ɗauke da sinadarin fotash mai kulorayid, ɗan uwan gishirin miya ne wajen cin ƙarfe. Yuriya kuma tana jan danshi daga iska. Buhu ɗaya ya fashe a bayan mota a watan Yuni, ruwan sama ya narkar da shi, ya tsiyaye ta haɗin ƙarfe, ina zai sauka? Kogon tayar baya. Haka kashin kaji da ake kai wa gona, da fitsarin awaki da tumaki ranar kasuwa, da ruwan tumatir, da jikunan fiya-wata masu ɗiga kullum. Daga ƙasa kuma hanyar burji na watso tsakuwa tana kankare shafin masana'anta, lakar damina ta bi ta liƙe wurin. Lakar da ta sha taki ba ta bushewa sosai ko da rani, tana nan tana aiki a ɓoye.

TOKUMBO TA ZO DA TARIHINTA

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, zamanin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Sai aka koma tokumbo ta tashoshin Kwatano da Legas, da farko daga Turai, daga baya da yawa daga Amurka da Kanada. Wato motocin da suka sha gishirin da muka ba da labari a sama, su ne suka fara shigo mana.

Kada kuma a ɗauka zamanin tsatsa ya wuce da Vega. A 2008 Toyota ta tsawaita garantin shasin motocin Tacoma sama da 800,000 na shekarun 1995 zuwa 2000, waɗanda shasinsu ya ɓule ta saye su a kan ninki ɗaya da rabi na darajarsu. A 2016 ta amince da wani sulhu a kotun Amurka da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, kan motoci kimanin miliyan 1.5, Tacoma da Tundra da Sequoia. Wannan kamfani ne da ya yi suna wajen ƙarko. Abin lura a nan shi ne mota mai buɗaɗɗen baya a kan shasi daban take zaune, kuma shasin yana bi ta gefen kogon taya daidai inda sifirin ke rataye, bututun man birki ma ta nan kusa yake wucewa. Tsatsar wannan wuri ta fi ta ƙofa haɗari nesa.

Don haka in za ka sayi tokumbo, wayarka ce abokiyar shawara. Ka ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka bincika a intanet ka ga yankin da motar ta zauna. Ka zura wayar cikin kogon taya da fitila a kunne ka ɗauki bidiyo. Idan ka ga sabon baƙin shafi mai sheƙi a ƙasan tsohuwar mota, kada ya burge ka, ka tambayi abin da aka rufe. Ka ɗan ƙwanƙwasa shasin da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tar, ruɓaɓɓe kuwa dum. Ka kuma manna maganaɗisu a leɓen kogon daga waje, in ya ƙi kamawa, mai yiwuwa an cike wurin da fila.

MAGANAR BAƘIN MAI

Na san wani zai ce, ai mu baƙin mai muke fesawa tun zamanin iyayenmu. Gaskiya ne, kuma dabarar ba shirme ba ce, tunaninta ɗaya da na Ziebart: abu mai laushi da ke kutsawa ya kori ruwa. Amma baƙin man da aka juye daga inji ya kwaso dattin ƙonewa da asid. Yana kumbura robobin ƙafar mota, yana tara ƙura ta zama danƙo, ruwan Agusta kuma ya wanke shi daga kogon taya cikin 'yan makonni ya kai shi kwata, daga kwata zuwa Kubanni. Yawan taɓa shi na cutar da fata. In ya ɗiga a kan birki kuwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan babu halin sayen kakin feshi na musamman, tsaftataccen giris a leɓen ƙarfe da kan notuna ya fi shi.

ABIN DA TARIHIN YA KOYA MANA

In ka tattara labarin tun daga Sorel zuwa yau, abu ɗaya yake ta nanatawa: shafi yana aiki ne kawai a kan ƙarfe mai tsafta, busasshe, kuma in an bar wa ruwa hanyar fita. Ga yadda za ka yi amfani da wannan a motarka:

1. Zaɓi lokaci. Wanki na sosai a ƙarshen damina, wajajen Oktoba ko Nuwamba. Aikin shafi kuma da rani, kafin ruwan farko, a ranar da ƙura ta lafa.

2. Cire tayar, ka tokare motar da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

3. Cire rigar roba in akwai. A wanke da ruwa mai ƙarfi, a bi leɓen ƙarfe da yatsa a fitar da laka. A bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu.

4. Duk tsohon shafin da ya ɗaga ko ya tsage a kankare shi. A goge tsatsa da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito. Inda ya ɓule, walda ce maganinsa: a yanke, a sa sabon falle. Fila ba ta riƙe nauyi, kuma tana shan ruwa.

5. A shafa ruwan kashe tsatsa a ragowar ramukan, a bi umarnin da ke jikin galan ɗin.

6. A sa fentin farko. Mai ɗauke da tutiya ko na ifoksi ya fi, in ba a samu ba jan fentin da masu walda ke shafa wa ƙofa ya fi babu. A bar shi ya bushe sosai.

7. Sai a ɗora shafi mai kauri na roba ko foliyuretan don tare tsakuwa, hawa biyu marasa kauri sun fi hawa ɗaya mai kauri. Kafin feshi a rufe birki, da salansa, da wayoyin da ke zuwa taya. Mai feshin ya rufe hanci da ido, a yi a fili, nesa da wuta.

8. Cikin shasi da lunguna rufaffu, kaki ko mai na musamman mai laushi ake fesawa, ba kwalta ba. Ramukan tsiyayar ruwa a bar su a buɗe, a riƙa zungure su da waya.

9. Ka ɗauki hoton kowane kogo bayan an gama, ka ajiye a wayarka, ka sa tunatarwa ta shekara. Baɗi ka sake ɗauka ka gwada.

Sai ɗabi'a ɗaya da ta fi duk waɗannan araha: ka shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri kafin a loda taki, in an sauke kuma a share a wanke bayan motar a ranar, kada ta kwana da shi.

A 2016 ƙungiyar masana lalacewar ƙarfe ta NACE ta ƙiyasta cewa tsatsa da danginta na cin duniya kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara. Kason mai a-kori-kura a Tudun Wada a cikin wannan lissafi ƙarami ne, amma daga aljihunsa yake fita, a kwanakin da mota ke kwance wurin mai walda maimakon tana kan hanyar Giwa. Galan biyu na fenti da yinin aiki biyu ba su kai kuɗin sauya bayan mota ba.

To, wanda ya haska kogon tayarsa ya gaya mana a wurin sharhi abin da ya gani, in da hali ya ɗora hoton. Makanikai da masu gyaran bodi da ke bin wannan shafi, muna son jin irin shafin da kuka ga ya fi jure hanyoyinmu. A tura wa duk wani direba ko mai mota da aka sani kafin damina ta kankama. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.